Na ce wa kaina lissafi nake yi, ba caca ba

Assalamu alaikum. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba, domin wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa har yau sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci.

A Zariya aka haife ni, a gidan malamai. Tun ina firamare aka san ni da lissafi. Idan Inna ta aike ni kasuwa, kafin mai awo ya gama ƙirga canji na riga na faɗa masa nawa zai ba ni. Na yi digiri a lissafi, na koyar a sakandare, duk unguwa ana ce mini Malam. A 2008 sunana ya fito a ƙuri'ar bizar Amurka, lokacin ba a cire 'yan Najeriya daga cikinta ba. Na bar matata da ɗanmu na fari a gida, na sauka New York, a unguwar Bronx, inda 'yan uwanmu na Ghana da Nijar da Najeriya suka yi yawa.

Na iso daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Takardata ba ta yi mini komai ba, don koyarwa a makarantunsu sai da lasisin jiha, shi kuma sai kuɗi da lokaci, ni kuwa ba ko ɗaya. Sai na kama tuƙin tasi da dare. Aikin halal ne, ya ciyar da ni, ya ciyar da gida. Amma akwai wani abu da ke cin raina wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba: kullum sai in ji kamar ƙwaƙwalwata tana ruɓewa a bayan sitiyari. Mutumin da yake koyar da aljabara ya koma ba abin da yake lissafawa sai kuɗin mai da kuɗin gada.

A ɗakin karatu na unguwarmu na ci karo da labarin Edward Thorp, wani malamin lissafi na jami'a da ya fitar da littafi a 1962, inda ya nuna cewa akwai wasan karta ɗaya a gidan caca da mai hankali zai iya rinjayar gidan. Wasan 21 ne, wanda suke kira bilakjak. Abin ya girgiza gidajen cacar Las Vegas har suka canza dokokin wasan a 1964, da suka ga mutane sun ƙaurace wa teburan sai suka mayar da su yadda suke. Da na karanta wannan, abin da na gani shi ne malamin lissafi irina ya sa masu kuɗi sun firgita. Caca kam ban gan ta a ciki ba sam.

Ga yadda wasan yake, don wanda bai sani ba. Kai da mai rabo, wato ma'aikacin gidan da ke raba karta, kowa yana neman jimillar kartarsa ta kusanci 21 ba tare da ta wuce ba. Masu hoto duk goma ne, as kuma, wato mai harafin A, ɗaya ne ko sha ɗaya. Mai rabo ba shi da zaɓi: dole ya ci gaba da ja har ya kai 17. Idan kartarka biyu na farko suka ba ka 21, ana biyanka uku a kan kowane biyu da ka zuba. Wanda ya haddace abin da ya kamata ya yi a kowane hannu, gidan yana gabansa da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari kawai. Sirrin kuma shi ne kartar da ta fita ba ta komawa sai an sake cakuɗawa. Kamar tsintar wake ne a faifai: duk tsakuwar da aka cire, abin da ya rage ya ƙara kyau. Ƙananan karta su ne tsakuwar, don su suke ceton mai rabo idan yana kan 15 ko 16. Idan sun fita da yawa, manya suka rage, mai rabo zai fi yawan wuce 21, kai kuma za ka fi samun hannun da ake biya uku a kan biyu.

Ƙirgar ba ta buƙatar haddace karta, kamar yadda mutane ke zato. Daga 2 zuwa 6 ka ƙara ɗaya. Daga 7 zuwa 9 ba komai. Goma, masu hoto da as ka rage ɗaya. Sai ka raba abin da ke kanka da adadin kwalayen kartar da suka rage a akwatin rabo, don yawanci kwali shida ko takwas ake haɗawa. Idan amsar ta yi sama ka zuba da yawa, idan ta yi ƙasa ka zuba kaɗan. Shi ke nan. Na sayi kwalayen karta na ɓoye a ƙarƙashin kujerar mota. Idan ina layin jiran fasinja a filin jirgi, sai in zare karta ɗaya in kife ta, in ƙirga sauran 51 da sauri, in faɗi ko babba ce ko ƙarama wadda na kife. Na kai ina gama kwali cikin ƙasa da daƙiƙa talatin, rediyo na kunne, wani yana yi mini hira ta taga.

Na san ayar Baƙara, na san ta Ma'ida inda aka haɗa giya da caca aka ce ƙazanta ce daga aikin Shaiɗan. A gidan da na tashi ba a ma barin karta ta shigo zaure. Amma na gina wa kaina fatawa, kuma da yake ina da baki, fatawar ta yi kyau. Na ce caca ita ce ka dogara ga sa'a, ni kuwa ilimi na dogara gare shi. Na ce ɗan kasuwa ma yana sayen kaya bai san ko zai ci riba ba. Ban taɓa kai wannan hujja gaban wani malami ba. Ko a lokacin na san dalilin da ya sa ban kai ba.

Atlantic City na fara zuwa, a jihar New Jersey, tafiyar awa biyu da rabi a bas daga New York. Na zaɓe ta ne saboda wani tarihi. Wani gwanin ƙirga mai suna Ken Uston ya kai ƙarar gidan cacar da ya kore shi, kuma a 1982 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa gidan caca ba shi da ikon korar mutum don kawai ya iya wasa. Ƙirga da ka ba laifi ba ne a dokar Amurka. Abin da jihar Nevada, inda Las Vegas take, ta haramta tun 1985 shi ne amfani da na'ura. Sai na shiga da ƙirji a buɗe.

Watannin farko Allah ya jarrabe ni da samu. Ina zuba dala 15 idan lissafi bai yi ba, in kai 150 idan ya yi. Akwai daren da na fito da abin da sai na yi sati biyu a tasi kafin in same shi. Na tura kuɗi gida aka gyara rufin ɗakin Inna. Ta kira ni tana ta sa albarka, sannan ta ce, "Ɗan nan, tuƙin ne ya yi albarka haka?" Na ce, "Eh Inna, addu'arku ce." Bayan mun ajiye waya na daɗe zaune a bakin gado.

Ba a daɗe ba suka gane ni. Mai ƙirga ba ya ɓuya, don kuɗin da yake zubawa su suke tona shi. Ɗan caca na gaskiya yana ƙara kuɗi ne idan ya ci ko idan zuciya ta ɗebe shi. Ni kuwa nakan ƙara bayan na faɗi sau uku a jere, in rage bayan na ci, kuma kullum sai can ƙarshen akwati kuɗina ke tashi. A saman kowane tebur akwai kyamara cikin baƙin gilashi, kuma waɗanda ke zaune a ɗakin kallo su ma sun iya ƙirgar, wasu ma kwamfuta ke yi musu. Alamar farko ita ce wayar da ke tsakiyar teburan ta yi ƙara. Mai kula da teburan, wani dattijo mai kwat, ya ɗaga, ya saurara, bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Ya zo ya raɗa wa mai rabo wani abu. Akwai wata karta rawaya ta roba da ake sakawa a akwati, idan an iso ta sai a tsaya a cakuɗa. Da can kusa da ƙarshe ake sa ta. Ina kallo yarinyar da ke rabon ta zare ta, ta mayar da ita tsakiya. Rabin kartar ke nan ba za a taɓa gani ba, ƙirgata ta zama aikin banza.

Na yi taurin kai na zauna. Da lissafi ya ɗan tashi na tura dala ɗari, sai kawai ta kwashe kartar duka ta fara cakuɗawa. Sauran mutanen teburin suka fara tsaki suna hararata, don wasa ya tsaya saboda ni. Daga baya dattijon ya zo ya ajiye wani ɗan allo a gabana, ya ce cikin ladabi, "Yallaɓai, kai iyakar abin da za ka zuba a hannu ɗaya ke nan." Na kusa da ni yana zuba ɗari biyar ba mai ce masa kanzil. Ashe hukuncin kotun ya hana su kora ne kawai, amma hukumar cacar jihar ta ba su damar cakuɗawa duk lokacin da suka so da kuma rage wa wanda suke zargi iyakar zubi.

Na koma yawo. Jihar Pennsylvania ta buɗe teburan karta a 2010, akwai kuma gidajen cacar ƙabilun asalin Amurka a jihar Connecticut, har Las Vegas na je. A can ba ruwansu da wani ladabin kotu. Wani ya dafa kafaɗata daga baya, ya ce, "Wasanka ya fi ƙarfinmu. Kana iya yin kowane wasa a gidan nan, ban da wannan." A wani gidan kuma masu tsaro biyu suka raka ni har bakin ƙofa, ɗaya ya karanta mini wata takarda cewa idan na sake taka ƙafa a harabarsu za a kama ni da laifin kutse. Kuma suna tura wa juna hotuna. An daɗe ana wannan: akwai kamfanin Griffin da ya shahara da tara hotunan masu ƙirga da maguɗi a littafi ɗaya yana sayar wa gidajen caca, har wasu 'yan wasa suka yi nasara a kansa a kotu ya karye a 2005. Karyewarsa ba ta hana komai ba, wasu suka ci gaba da aikin a intanet.

Nan ne nake so mai karatu ya tsaya da kyau, don nan ne na halaka. Ranar da aka ce mini wasana ya fi ƙarfinsu, na fito titi ina murmushi ni kaɗai. Tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa ce mini na iya wani abu. Fasinja ba ya ko kallon fuskata. Sai ga wani bature mai kwat, a gini mai hawa talatin, yana tsoron abin da ke kaina. Wallahi kuɗin da na ci a duk shekarun nan ba su yi mini daɗin wannan kalma ba. Daga ranar na daina zuwa neman kuɗi, na koma zuwa neman a sake faɗa mini ita. Na fara sa hula ina canza tabarau, ina aske gemu ina bari, ina jin kaina wani ɗan leƙen asiri.

Alhali lissafin da nake taƙama da shi yana faɗa mini gaskiya, ni ne na ƙi ji. Gwanin ƙirga, idan komai ya tafi daidai, ribarsa kusan kashi ɗaya cikin ɗari ce ta abin da ya zuba. Da na zauna na auna nawa, abin da ya kamata in samu a awa bai fi dala ashirin ba, kusan abin da tasi ke ba ni a awa a dare mai kyau, ba a cire kuɗin bas da ɗaki da abinci ba. Amma a cikin awar nan guda ina iya cin ɗari biyar ko in zubar da ɗari bakwai. Ko lissafi ya yi kyau, hannayen da za ka faɗi sun fi waɗanda za ka ci yawa. Shi ya sa masu yin abin da gaske suke da jari mai kauri, ninki ɗari na babban zubinsu ko fiye, ko kuma su yi ƙungiya kamar ɗaliban jami'ar MIT da suka yi suna, masu zuba jari na bayansu. Ni jarina kuɗin hayar ɗaki ne. Ga shi teburan kirki suna ta ƙarewa: wasu sun koma biyan shida a kan biyar maimakon uku a kan biyu, wanda shi kaɗai ya cinye duk ribar mai ƙirga, wasu kuma an sa musu injin da ke mayar da karta ciki bayan kowane hannu, babu abin ƙirgawa.

Sai faɗuwa ta zo, irin wadda littattafan suka ce za ta zo. Wata da watanni ina wasa daidai ina faɗuwa. Lissafi ya hau, in tura babban zubi, in samu 20, mai rabo ya ja ya ja ya haɗa 21. A lokacin ni ke riƙe da kuɗin adashin da muke yi mu direbobi, don ni ne Malam, ni ne mai amana, ni na iya rubuta lissafi. Na ce aro zan yi, kafin ranar kwasa na mayar. Da kuɗin mutane a aljihuna hannuna ya fara rawa, ƙirgar ta fara kuɓuce mini. In ɓata lissafi a tsakiyar akwati, maimakon in tashi sai in ƙiyasta. Daga nan na fara zama a teburin inji, inda na san sarai babu wata dabara. Wata asuba na tsinci kaina a gaban na'urar da ake danna maɓalli hotuna su juya, wadda nake yi wa masu yinta dariya a da. A nan kam ba wanda ya zo ya dafa kafaɗata. Wata ma'aikaciya ma ta kawo mini lemo kyauta, aka ba ni takardar kwana a otel ɗin. Lokacin da nake da ɗan rinjaye sun kore ni, da na zama abin da suke so sai suka shimfiɗa mini gado.

Wanda kwasa ta faɗo kansa wani dattijo ne ɗan Nijar, da kuɗin yake so ya biya wa matarsa kujerar Hajji. Na yi ta yi masa hanya-hanya har ramin ƙarya ya ƙure. Bayan sallar isha'i na ja shi gefe na faɗa masa komai, har da fatawata. Ya saurare ni bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Malam, kuɗin da ka ci a can, daga aljihun wa suka fito?" Na ce na gidan cacar ne. Ya ce, "Su kuma a ina suka samu?" Ban amsa ba, don na tuna fuskokin da nake zama da su: tsofaffin da ke zuwa da kuɗin fansho a bas ɗin da nake hawa, da wani da na taɓa gani yana kuka a banɗaki. Ya ce ba zai tona ni a gaban jama'a ba, amma sauran 'yan adashin dole su sani, kuma da bakina. Matarsa ba ta je Hajji a shekarar ba.

Faɗa wa matata ya fi komai wuya. Na kira ta na ce, "Maman yara, akwai maganar da na daɗe ina ɓoye miki." Ta yi zaton aure na ƙara. Da ta ji, ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko da kuɗin aka biya makarantar yaro. Na ce wani zango, eh. Ta yi kusan wata ba ta ɗaga wayata sai dai ta miƙa wa yaron. Inna kuwa har ta rasu ban iya faɗa mata ba, kuma wannan yana nan a wuyana.

New Jersey tana da wani tsari da mutum zai je da ƙafarsa ya sa sunansa a jerin waɗanda aka hana caca, na shekara ɗaya, ko biyar, ko har abada. Idan aka kama ka a ciki bayan haka za a fitar da kai, abin da ka ci kuma a ƙwace. Dattijon nan ne ya kai ni a motarsa. Aka ɗauki hotona, aka miƙo takarda, na zaɓi har abada. Jihar da kotu ta ce ba mai ikon korata, ni na kori kaina daga cikinta. Sauran jihohin kuma na bi na yi haka inda suke da tsarin. Na kuma zauna da wata ƙungiya ta masu fama da jarabar caca da ke haɗuwa duk mako. Da farko na raina su, ina ganin ni ba irinsu ba ne, ni gwani ne. Sai na tarar kusan kowa a ɗakin yana da tasa dabarar da ya yi imani da ita. Bambancina da su shi ne tawa dabarar gaskiya ce a takarda, kuma hakan ya sa na fi su daɗewa kafin in yarda ina da ciwo.

Har yanzu ina tuƙi, amma da rana. Iyalina sun iso. Da yamma ina koya wa 'ya'yan 'yan uwanmu lissafi a ɗakin da ke ƙasan masallaci, ana ba ni abin da ya sauwaƙa. Ƙirgar ba ta bar kaina ba. Ko yara na gani suna karta a waya sai in ji lambobin suna hawa suna sauka da kansu. Wani saurayi da ya ji ƙishin-ƙishin ɗin labarina ya taɓa zuwa ya ce in koya masa. Na ɗauko takarda na lissafa masa abin da zai samu a awa, da jarin da zai buƙata, da watannin da zai iya yi yana faɗuwa ko bai yi kuskure ko ɗaya ba, na ce ya je ya nuna wa mahaifinsa takardar, idan ya sa hannu ya dawo. Bai dawo ba, ban kuma san ko wani wurin ya je ya koya ba.

Bashin adashin na biya shi kaɗan-kaɗan, ya ɗauke ni shekaru. Sun bar ni na koma cikinsu, bisa sharaɗi biyu da dattijon ya gindaya: ni ne na ƙarshe a kwasa kowane zagaye, kuma littafin lissafin yana hannuna amma kuɗin suna hannun wani.